Talatar Egya Bentsil

Yayana Kwamena Bentsil, wanda duk garin Moree ke kira Egya Bentsil, ya fara shiga teku yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yanzu yana da hamsin da takwas. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma in ya dubi launin ruwa zai gaya maka inda kifi ya kwana. Ni ce ƙanwarsa, Ekua. Ni nake bandar kifin da kwalekwalensu ya kawo, kuma gida ɗaya muke zaune, gidan uwarmu. Matarsa tana can gidan nasu dangin kamar sauran mata, sai dai ta aiko da dokunu, tuwon masararmu, da miyar kifi da yamma. Saboda haka duk taurin kansa a kaina yake ƙarewa.

Shekara biyar da suka wuce ya fara ramewa. Fatarsa ta ƙara duhu har cikin tafin hannu, ga kasala, ga wani kwaɗayin gishiri. Na kama shi wata rana yana lasar na bandata.

Na ce, "Yaya, shekara arba'in kana jiƙe cikin gishiri, bai ishe ka ba?"

Ya ce, "Na tekun ba ki taɓa biya ba, shi ya sa ba ki yi mini gori a kansa ba."

A asibitin Cape Coast muka haɗu da Dokta Essilfie, wata 'yar siririya mai magana a hankali. Ta ce akwai wasu ƙananan tsokoki a saman ƙoda da ke fitar da sinadarin da ke tashin jiki da safe, ya riƙe shi lokacin wahala. Nasa sun gaji, kaɗan suke fitarwa. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ya sha in ya tashi, ya ƙara da rana. Cikin wata biyu ya murmure ya koma ruwa. Ni kuwa na saki jiki, ban sake tambayarsa zancen magani ba.

Sai ya yanke jiki ya faɗi a cikin kwalekwale suna tsakar jan taru. Bayan wata huɗu ya sake faɗuwa, wannan karon saura kaɗan ya tafi ruwa. Egya Tawia, shugaban jirginsu kuma abokinsa tun suna yara, ya zo gida ya zauna kan turmina.

Ya ce, "Kwamena, ba zan kawo wa Ekua gawarka ba. Teku ta fi ƙarfinka yanzu. Ka zauna ka riƙa ɗinke mana taru."

Haka Yaya ya bar shiga teku. Mako uku ya yi a gindin kwakwa da allurar taru a hannu, ya juya wa teku baya don kada ya ga jirage suna fita. Abinci ma sai na yi faɗa. Na san shi sarai, in aka bar shi a tudu ba zai daɗe ba, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Muka koma wajen likita. Ta ce yanzu suna da kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke koyon yadda sinadarin ke hawa da sauka a jikin mutum, har ta faɗi abin da zai faru gobe. Aka manna masa wata 'yar na'ura a gefen ciki, aka ɗaura masa agogon da ke auna bugun zuciya da barci. Amma ta ce dole ya yi aikinsa yadda ya saba, in ba haka ba kwamfutar zaman gindin kwakwa za ta koya.

Da ƙyar Egya Tawia ya yarda da mako huɗu, kusa da gaɓa. Ya ce, "In ya sake faɗuwa, ko likitar ce ta zo da ƙafarta, an gama."

Yaya ya shafa abin da ke cikinsa ya ce, "Ekua, an liƙa mini ɗan gulma. Ke ɗaya ba ki isa ba, an yi miki mataimaki."

Ranar Talata ta mako na uku, wajen hantsi, wayata ta yi ƙara. Talata ba a shiga teku, tun kakanni haka yake. Ranar wanki ce da aski da ziyara, Yaya ma yana kwance kan benci yana jin rediyo. Dokta Essilfie ta ce mu zo yanzu-yanzu, kwamfuta ta nuna gobe da safe zai iya faɗuwa.

Ya ce, "Ita kwamfutar ta taɓa shiga kwalekwale?"

Na jefa masa rigarsa, muka hau mota.

Likita ta juyo mana da allon kwamfutar. Wani layi ne yana hawa da sauka kamar igiyar ruwa, kullum iri ɗaya. Ta ɗora yatsa inda ya kwanta ya ƙi tashi, ta matsa gaba ta nuna wani wurin irinsa, ga kuma na yau ya fara.

Ta ce, "Baba, a teku jikinka lafiya lau yake. A tudu yake fara zubewa, ran Talata, sai ka shiga ruwa Laraba ba sauran ƙarfi. Na duba takardunka, duk faɗuwar biyu Laraba ce. Me kake yi ran Talata?"

"Ba komai, 'yata. Wa ke yin wani abu ran Talata?"

"Maganin yau fa, ka sha?"

Ya dube ta da mamaki. "Magani ai yana jirgi."

Ashe tun ranar farko ya zuba ƙwayoyin a gwangwani, ya sa su cikin akwatin kwalekwale tare da ƙugiyoyi da ashana, don kada ya manta. A wurinsa maganin kayan aiki ne. Akwatin kuwa Egya Tawia ke kulle shi Litinin da yamma, ba mai buɗewa sai Laraba. Zaman gindin kwakwar nan ma rabin kasalarsa daga nan take, don sai ya ga dama yake zuwa ya ɗebo.

Na ce, "Shekara biyu, Yaya! Shekara biyu maganinka yana hutun Talata!"

Ya ce, "To ranar da ba na jan taru, ƙarfin me zan nema?"

Likita ta yi dariya har da riƙe baki, sannan ta tsuke fuska. Ta ce ɗan abin da jikinsa ke fitarwa ne ya riƙe shi, da wani ne da tuni an yi makoki. Ni kunya ce ta rufe ni. Gida ɗaya muke, na san ranar da yake canza riga, amma ban taɓa lura ba.

A nan take ya sha. Kwamfuta ta tsara masa lokutansa daidai da tashin masunta, ba na ma'aikatan ofis ba: ya sha kafin ya fita gida, ya ƙara kafin a fara jan taru, Talata kuma ya sha ko yana kwance. Gwangwani ya zama biyu, ɗaya a jirgi, ɗaya a hannuna. Shekara uku ke nan bai ko yi jiri ba. Har yau yana cewa ba abin da kwamfuta ta sani, sa'a ta ci.

Amma waccan Larabar, washegarin zuwanmu asibiti, ban iya zama ba. Na bar wuta a murhun banda na tafi bakin ruwa tun rana ba ta yi zafi ba. Da kwalekwalensu ya ɓullo na shiga ƙirga kawuna, idona ya cika da hawaye na kasa. Suna isowa wani ya yi tsalle ya faɗa ruwa har ƙirji, ya saɓa igiya a kafaɗa, aikin da samari ke yi. Egya Tawia yana ta ihu, "Kai tsoho, wa ya aike ka?"

Ashe Yaya ne. Ya fito yana haki yana dariya, ya miƙo mini bakin igiyar.

Ya ce, "Kuka kika zo yi ko aiki? Kama mu ja."