Jajayen Tsaba a Haɓar Zanen Inna

Ko da zan manta komi na duniya, ban manta lokacin da saura ƙiris Babanmu ya rasa ƙafarsa saboda wani ɗan ƙulli da bai kai girman goro ba.

Ƙaya ce ta soke shi a garkar albasarsa ta garin Tama. Manomi da ƙaya ai ba baƙin juna ba ne, ya cire ya ci gaba da ban ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙafar na ta kumbura har takalmi ya daina shiga, ga wasu ƙananan ramuka sun ɓulle suna tsiyayar ruwa. Ni ina aure a Madawa, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Ranar da na ga yana jan ƙafar zuwa masallaci kamar ba tasa ba, na ta da rigima har sai da aka sa shi mota, Inna na biye da tabarma da buta.

A asibiti aka ba shi gado. Likitan ya duba, ya matsa, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi. Ya ce ciwon nan iri biyu ne. Akwai na ƙwayar cuta dangin fumfuna, wanda sau da yawa sai an haɗa da wuƙa, akwai kuma wanda allura da ƙwayoyi ke kashewa. Abin da ke rarrabe su wasu 'yan tsaba ne da ke fitowa daga ramukan.

"Baba, ba abin da ke hitowa? Kamar tsabar gero haka?"

"Ruwa ɗai," in ji Baba, yana kallon bango. Inna kuwa ta sunkuyar da kai.

Kullum likita ya zo zagaye sai ya tarar da ƙafa wanke tas. Ni ko zama ban iya yi. In shiga ɗaki, in fito baranda, in je bakin ƙofa, in dawo. Abinci ma a tsaye nake ci. Ga ciwo ya soma taɓa ƙashi, har likita ya ce za a tura mu asibitin birnin Tawa a yanki nama a bincika, kuma mu shirya zuciya, don in abin ya ci gaba ba mamaki a cire ƙafar. Baba na jin haka ya jawo hularsa.

"Ku maishe ni gida. In mutuwa ta, ta iske ni da ƙahwata."

Wallahi na tsorata. Na san shi, in ya ce zai tafi, ko da rarrafe sai ya tafi.

Washegari na yi sammako da kunu, sai na iske Inna durƙushe tana tsintar wani abu a ƙafar da tsinke, tana zubawa a ɗan ƙyalle. Tana ganina ta ƙulle shi a haɓar zanenta.

"Inna, mi kinka ƙulle nan?"

"Ba ruwanki, ɗiyar zamani. Jihwa ce anka yi ma ubanki. Mai magani ya ce kada idon baƙo shi ga tsabar nan sai an binne su bisa hanyar wanda yay yi aikin."

Kaina ya yi zafi. Ashe abin da likita ke nema ruwa a jallo yana nan rataye a ƙugun Inna tun ranar farko! Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Ita ma ƙafar nan take ƙoƙarin ceta, da abin da ta sani. Sai kawai na durƙusa na fashe da kuka.

"Inna, in sunka yanke ta, ki binne tsabar ta yi mishi mi?"

Can Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kwance mata."

Na kai wa likita ƙyallen, ya buɗe shi a gaban taga. Tsaba ne ƙanana, jajaye kamar garin barkono. Na ga fuskarsa ta saki. Bai yanke hukunci nan take ba, sai da ya ɗebi sababbi daga ƙafar aka duba su a madubin bincike. Da ya dawo ya ce irin mai jin magani ne. Ya dubi Inna yana dariya: "Hajiya, ke kin hi mu iya ajiya."

Magani ya ɗauki watanni, allura har Baba ya riƙa zagin duk wanda ya tunkaro shi da farar riga. Amma kumburi ya sace, ramuka suka rufe. Yau yana ɗingishi kaɗan, yana kuma ban ruwan albasarsa da ƙafa biyu, cikin takalmin roba da nake tilasta masa. Inna har gobe cewa take jifa ce, likita ne ya san makarinta. Na daina musu da ita.

Abin da na koya shi ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda na raka asibiti yanzu, tun a mota nake ce masa: abin nan da kake jin kunya ko tsoron nunawa, shi za ka fara kwancewa.