Hatsin Gonar Rijiya

Mani mai gyaran salula a kasuwar Dogon Dutsi mutum ne da ba ya mantuwa, kuma ba ya son a ba shi haƙuri. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da Is'haƙa a zuci, ɗan wan babansa, wanda ya ɗauko lauya daga Yamai ya ƙwace musu gona a Gesheme. Mani na zaune a kotu ranar, lauya na zuba Faransanci, shi ko kalma biyar bai kama ba. Babansa ya rasu da baƙin cikin nan.

Da manhajar nan mai basira ta shigo wayoyi, wadda kake faɗa mata damuwarka ta rubuta maka takarda, samari suka ɗauke ta abin wasa. Mani kuwa wuƙa ya gani. Akwai sauran gona guda mai rijiya a hannun Is'haƙa, wadda shari'ar farko ba ta taɓa ba, kuma gaskiya ta baban Mani ce. Ya zauna ya ba na'urar labarin tsaf. Sai ya ga kamar bai yi nauyi ba, ya ƙara cewa babansa ne ya haƙa rijiyar. Ƙarya ce, uban Is'haƙa ya haƙa ta da aka ba shi aron gonar. Na'ura ba ta san Gesheme ba, ta shirya masa shafi shida na Faransanci mai sheƙi.

Mani ya kai ƙara da ita. Ranar shari'a lauyan Is'haƙa ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa. Daɗin da Mani ya ji ba ya faɗuwa. Amma gonar gado ba ta da takarda, shaidu kuma sun mutu. Alƙali ya yi shawara da dattawan da ke zama gefensa kan al'ada, aka yanke cewa mai ƙara ya rantse da Alƙur'ani duk abin da ke takardarsa gaskiya ne. Nan ba lauyan da zai tsaya wa mutum, balle waya.

Mani ya dubi Is'haƙa. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ya rantse.

Gona ta dawo, damina ta yi kyau. Da aka kawo damman farko, mahaifiyarsa Balki ta tare ƙofa.

"Ni na kai ma masu haƙar rijiyan nan hura," ta ce. "Na san wanda ya kira su. Hatsin ga ba shi shiga tukunyata."

Matarsa ma ta ƙi dakawa. 'Yan kasuwa sun ji labari, ba wanda ya taya.

Sai Mani ya gina rumbu a bakin hanya, daidai inda Is'haƙa ke wucewa zuwa masallaci. Damina uku ke nan yana cika shi, ƙwari na ci. Kwanan baya wani abokinsa ya tambaye shi ribar noman da ba a ci.

"Shi ma bai ci ba," in ji Mani, ya ci gaba da kwance salula.