Jan Waken Gidan Kolo

Malam Filibus Ɗanladi mutumin Zonkwa ne, aikin malamin gona ya kawo shi Haɗeja a 1986. Mutum ne mai tsabta da kiyaye lokaci, sai dai bai cika yarda da mutane ba. Ko kwaɗo ya kulle, sai ya dawo ya ja shi ya ji.

Abokinsa guda ne a garin, Kolo, wani Babarbare da ya taɓa yi wa Sinawa masu koyar da noman shinkafa aikin kuku, suka tafi ya koma gona. Da yamma sukan zauna a ƙofar gidan Kolo suna musu a kan ruwan kogi.

Da aka kawo irin waken suya don gwaji, Filibus ya ba Kolo buhu guda. An cuɗe irin da jan maganin ƙwari, wanda guba ne. Ya yi ta nanatawa: na shuka ne, ba na tukunya ba.

Damina ta yi nisa, Filibus ya bi ta gonar Kolo a kan babur. Gero ya gani har iyaka, ko tsiron wake babu. Abin ya zauna masa a rai.

Ran nan sai Kolo ya gayyace shi cin abincin rana. Shi da kansa ya yi girkin, matarsa 'Yar'azumi tana yi masa tsiya wai ya ƙare mata man gyaɗa. Ya jiƙa wake ya kwana, ya murje ɓawon, ya dafa, sannan ya soya da citta da tafarnuwa da barkono. Baƙin ruwan kwalbar da Sinawa ke zubawa ba ya samuwa a Haɗeja, sai ya maye shi da daddawa da ƙonannen sukari da ɗan ruwan tsamiya.

Aka buɗe akushi. Wake ne, jawur, yana sheƙi. An riga an zuba wa yara nasu a tsakar gida.

Filibus ya tuna da jan maganin da ke jikin irin, ya janye hannunsa.

"Bismilla, Malam. Ko yajin ne ya ba ka tsoro tun daga nesa?"

"Kolo, ina ka samo waken nan?"

"A kasuwa, wajen 'yan ƙabilar Tibi masu kawo doya."

"A karɓe kwanon yaran nan tukuna. Ina buhun da na ba ka?"

Kolo ya dube shi. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo buhun har bakin tabarma, ɗinkin bakinsa yadda yake.

"Ga shi. Ban shuka ba, gero muke ci a gidan nan. Kunyarka ta hana ni mayar maka."

Da Filibus ya yi dariya a nan, da magana ta ƙare. Amma hali ya rinjaye shi. Ya sunkuya ya ɗaga buhun, ya jinjina nauyinsa.

'Yar'azumi ta ja mayafinta ta shige ciki.

"Ya cika?" in ji Kolo a hankali. "To, ɗaure shi a babur ɗinka. 'Ya'yana ne, Malam. Ni na haife su."

Filibus ya zauna ya ci waken shi kaɗai, ya riga ya yi sanyi. Bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Kolo bai sa hannu a akushin ba.

Sun ci gaba da gaisawa a hanya har Filibus ya yi ritaya a 1997, amma ba a sake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan ba. A Zonkwa yakan shiga madafa ya gwada girkin da ka, matarsa Rahila tana kallo. Wani lokaci citta ta yi yawa, wani lokaci sukari ya ƙone. Ba shi da wanda zai tambaya.