Gulbin da na zana wa Baba a bango

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban da safiyar da mahaifina ya yi mini faɗa a kan fenti. An yi shekaru da yawa, ya ma riga mu gidan gaskiya, amma wannan faɗan ya fi mini duk wani yabo da aka taɓa yi mini daɗi.

Ni mai zane ne a Malanbil, garin bakin iyaka. Ina rubuta allunan shaguna, ina kuma yi wa manyan motocin da ke jiran takardun duwan, wato kwastan, ado kafin su haye gada zuwa Gaya: furanni, dabino, tsuntsaye. Baba kuwa masunci ne a Garu, ƙauyenmu na bakin gulbi, tun tasowarsa a kan ruwa yake. Mutum ne mai faɗa da yawan gyara, ba ka yin abu a gabansa bai nuna maka inda ka kuskure ba.

Wata bazara hawan jini ya kayar da shi a bakin gulbi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti sai na kawo shi gidana, tunda Inna ta rasu, kuma nan ya fi kusa da likita. Na sa shi a wani ɗaki da na gina don ajiyar kaya, bangon siminti tsurarsa, da 'yar taga can sama. A lokacin gani nake na kyauta, tunda akwai gado, akwai magani, akwai abinci.

Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa in yana motsa ta, harshen ma bai mutu ba, nauyi kawai ya yi. Amma Baba ya ƙi. Ya juya fuska ga bango ya daina magana da kowa. In an kawo fura ya kurɓa sau biyu ya ture. 'Yan dubiya su shigo su gaishe shi, ko ɗaga ido ba ya yi, su yi addu'a su fita da sauri. Wata uku muna haka, mutum yana ƙarewa a gabanmu.

Matata ce ta farkar da ni. Wata rana ta fito daga ɗakin da kwanon tuwo ba a taɓa ba, ta tsaya a kaina.

"Maigida, ka taɓa kwantawa inda Baba ke kwance ka ga abin da yake gani?"

Na ce me zan gani?

"Tahi ka gwada. Motocin mutane kana yi musu hure, ubanka na kallon siminti."

Maganar ta sosa ni, amma na je. Da aka fitar da shi wanka na kwanta a gadon, na juya yadda yake juyawa. Bango toka-toka, tsaga guda, da tsohuwar ƙusa. Shi ke nan. Mutumin da shekara sittin in ya buɗe ido ruwa yake gani har iyakar ganinsa. Ban yi minti biyar ba na tashi na bar gadon.

Muka maida shi zaure na kwana uku. Na fasa tagar na faɗaɗa ta, na shafe ɗakin da farar ƙasa, sannan na zana gulbi a bangon da yake kallo. Na yi ruwa shuɗi shar irin wanda direbobi ke so, da fadamar shinkafa, da tsibiri, da jirgi ɗaure a gaɓa. Ban sa mutum ba, tunda a ɗakin yake salla. Da fenti ya bushe muka dawo da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido. Na fita jikina a sanyaye.

Washegari da safe na shiga gaishe shi, na durƙusa kamar kullum, ba na jiran amsa. Ina miƙewa sai na ji murya mai nauyi a bayana.

"Kai."

Na juyo.

"Gulbin wa na wanga?"

"Namu na, Baba. Na Garu."

"Ƙarya." Kalmomin da ƙyar suke fita, amma suna fita. "Ina ka taɓa ganin gulbinmu shuɗi? Da damana ja na. Da ɗari baƙi." Ya ɗaga hannun hagu ya nuna. "Kuma wa ka ɗaure jirgi haka? Ruwa shi tahi da shi."

Matata tana bakin ƙofa da koko. Ta ajiye kwanon a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba. Ni kuwa da gudu na ɗauko gwangwanayen fenti na zauna a gabansa ina haɗawa. "Ƙara ja." Na ƙara. "Ya yi yawa. Kai dai ba ka san ruwa ba." Ran nan ya shanye kokonsa tas, wai faɗa da ni yana sa yunwa.

Daga nan kullum da safe aiki gare mu. Ya sa na juya goshin jirgin ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Ya sa na matsar da tsibirin. Da ya gaji da nawata sai ya ce a zaunar da shi, ya karɓi buroshi da hagu, ya zana gurar kamun kifi da kansa, a karkace. Bayan mako biyu ya ce akwai wata giginya a ƙetare da na manta, kuma ba ni zan zana ta ba. Wurinta yana sama, ba ya kaiwa daga zaune. Haka Baba ya fara tsayuwa, yana dafe da kafaɗata, fenti na ɗiga a rigata.

Ranar kasuwa tsofaffin abokansa masunta suka zo dubiya. Waɗanda da ko zama ba sa yi, ran nan sai da la'asar ta tashe su, suna gardamar inda dorina ta taɓa kife jirgin wane, kowa na dangwala yatsa a bango. Muryar Baba ta fi ta kowa.

Da sanyi ya shigo ya ce a kai shi Garu. Mota ta ajiye mu a bakin hanya, na miƙa hannu zan tallafe shi, ya ture ni. Da sanda ya nufi gulbi, yana jan ƙafar dama, taku ɗaya-ɗaya. Mata masu shanyar albasa suka gane shi, wata ta rangaɗa guɗa, mutane suka biyo mu. Bai tsaya ba sai da ruwa ya taɓa idon sawunsa. Ya sunkuya ya ɗebo ya wanke fuska, ya ce alhamdu lillahi, duk wanda ke wurin ya ji. Ya ƙara shekara shida a duniya, yana gyaran birgi, ragar kamun kifi, a gindin itace yana yi wa masu jefawa faɗa.

Ban ce fenti magani ne ba, likita ya yi nasa, Allah ya ba da lafiya. Amma na koyi cewa ciyar da marar lafiya da ba shi magani ba su isa ba in babu abin da zai sa ya so buɗe ido da safe. Ido ma yana jin yunwa, kuma in ya daɗe bai ga abin da yake so ba, zuciya ce ke fara kwantawa kafin jiki.