Kazar da ta hana Inna tafiya

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da baƙi a wurin sai ta ce "yarinyar nan". Kakata ce ta yaye ni, ita ta riƙe ni har aure. Haka ake yi a garinmu, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Abin bai taɓa yi mini ciwo ba sai shekarar da ta zo Amurka.

A faɗarta ba wurina ta zo ba. Autanta ne ya gama karatu, ta zo ganin biki. Shi kuwa ɗan ɗaki ɗaya yake haya a Sedgefield, kuma ɗakin gwauro ba wurin zaman tsohuwa ba ne, sai aka sauke ta a gidanmu a Pleasant Garden. Muna da fili a bayan gida da kaji uku da maigidana ya sayo wurin wani manomi. Da can akwai zakara, shi muka yanka mata ranar da ta sauka.

A lokacin ina da tsohon ciki. Kafin shi na yi ɓari sau biyu, duk ni na yi jinyar kaina, maigida yana wurin aiki, maƙwabta kuma sai dai a ɗaga wa juna hannu daga cikin mota. Tsoro nake ji sosai, kuma ina son uwata a kusa da ni ranar haihuwa. Ga tikitinta zai mayar da ita gida fiye da wata guda kafin lokacin da likita ya ɗibar mini. Ban san da wane baki zan ce mata ta zauna ba. Ita ma ko kallon cikin ba ta yi, zancenta kullum damina ta kusa, ba a gyara gonar gyaɗa ba, awakinta suna hannun mutanen da ba ta yarda da su ba.

Ana cikin haka wata jar kaza daga cikin kajin ta fara kwanci. Ta lafe a gurbi ba ƙwai ko ɗaya a ƙarƙashinta, domin kullum kwashewa muke yi mu soya. In ka kai hannu sai ta kumbura ta kai maka sara. Ni dai na ce a tsoma ta cikin ruwan sanyi ta dawo hayyacinta. Inna ta dube ni kamar na ce a ƙona gidan.

Da na dawo daga awo washegari, na tarar ta buɗe firji ta kwashe ƙwan da na sayo a kanti. Ta shanya su a rana sanyinsu ya fita, ta yi wa kowanne zane da gawayin gashin nama, ta zuba yashi da toka a kwali saboda ƙuma, ta jera su, kaza ta hau.

Na ce, "Inna, waɗannan fa ba za su ƙyanƙyashe ba. Kajin kamfani ne, ba su taɓa ganin zakara ba."

Ta ce, "Ke da kika zo Amurka jiya za ki koya mini kaza?"

Ranar da auta ya zo da maganar kai ta filin jirgi, tana tsugune bakin akurki. Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce a ɗaga tafiyar.

Ya ce, "Haba Inna, kan kaza? Na riga na ɗauki hutu a wurin aiki, an yi komfam ɗin tikiti fa."

"Wa zan bar wa ita? Wannan?" Ta nuna ni da haɓa. "Wadda ke son tsoma kaza a ruwa?"

Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da aka kafa Amurka ba a taɓa canza tikiti saboda kaza ba. Ni na shige ɗaki. Na ji daɗi za ta ƙara kwanaki, amma na ji haushi har cikin raina, wai kaza ce ta samu abin da na kasa roƙa. Da na yi lissafi ma, kwancin kaza mako uku ne, ko da an yi shi cikakke tafiya za ta yi kafin in haihu.

Kullum da hantsi Inna takan ɗaga kazar da hannu biyu, ta ajiye ta waje ta ci ta sha ta yi birgima a ƙasa, ita kuma ta jujjuya ƙwan. Bayan sun yi kusan mako biyu a gurbin, wata rana ta kira ni in riƙe mata kwano. Tana ɗaukar ƙwai ɗaya ɗaya, ta dunƙule hannu ta leƙa shi ta saitin rana, ta jefa a kwanon.

Ta ce, "Baragurbi ne duk. Ƙwan ƙasar nan ba albarka."

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, sai ta riga ni. Ta ce ta ji kukan zabi a wani gida can gaba da mu, a je a samo mata ƙwansu. Maigidana ya ce ai ƙwan kaza mai zakara ma yana samuwa wurin manomin nan. Ta ce ita na zabi take so, zabuwa ba ta iya reno ba, a gida ma kaza ake sa wa. Haka muka kai ta gidan wata tsohuwar Baturiya mai kiwon zabi saboda suna cinye mata kaska. Ba mai jin yaren wata, amma suka daɗe a tsugune suna zaɓen ƙwai.

A mota muna dawowa na tuna abin da kowane yaron ƙauye ya sani, cewa ƙwan zabi sai ya yi wata guda kafin ya fashe. Na waiwaya na dube ta. Tana rungume da kwano a cinya, idonta na kan hanya.

Aka sake ɗaga tikiti. Duk ƙarshen mako sai mun je High Point Road sayen katin waya, ta kira gida ta yi ta ɗaga murya tana ba da umarnin shuka, tana gaya musu wata kaza ce ta riƙe ta. A kantin 'yan Nijar da ke can ta sayi kanwa da gero da kayan yaji masu yawa. Ta sa maigidana ya aro wata ƙatuwar tukunya da Turawa ke soya talotalo a ciki. Da na tambayi na mene ne, sai ta ce in rabu da ita. Kazar ta rame, tukkunta ya koɗe, Inna tana ba ta jiƙaƙƙen gero a tafin hannu, tana yayyafa wa ƙwan ruwan ɗumi don ɓawon zabi da tauri.

Naƙuda ta kama ni da safe. Inna ba ta bi mu asibiti ba, ba za ta iya ba. Ta dai riƙe mini ƙofar mota, ta ce wa maigidana ya yi tuƙi a hankali. Abin ya zo da gardama, sai washegari na sauka lafiya, na samu mace.

Ranar da aka sallamo mu, tun daga bakin titi na hango tururi a bayan gida. Ruwan wankan jego yana tafasa a tukunyar talotalo, kunun kanwa yana kan murhu a kicin. Ta karɓi jaririyar ta yi ta yi mata tsiya, wai hancin na dangin uba ne. Ni ko barka ba ta ce mini ba.

Maigidana ne ya zaga baya, ya dawo da sauri ya ce mu zo mu gani. Jar kaza tana tsakiyar fili, 'yan zabi sun bushe sarai suna bin ta a guje, kwanon ruwansu ya kife ya bushe ƙamas. Da gani ba ranar suka fito ba.

Ya ce, "Inna, yaushe suka ƙyanƙyashe?"

Ta ce, "Oho."

Auta, wanda ya zo ya zauna da ita muna asibiti, ya ja ni gefe ya gaya mini. Tun da motarmu ta fita ta shimfiɗa darduma kusa da wayar falo, kuma in ban da alwala ba abin da ya tashe ta daga wurin sai da ta ji na sauka. Ba ta ci komai ba, ko hanyar akurkin ba ta kalla ba.

Na zauna a kan matakala na yi kuka son raina. Ta zo ta tsaya a kaina da tsumma a hannu.

Ta ce, "Ke, tashi. Ruwan zai huce."