Geron Baba Nomau a Tsakiyar Fili

Ranar wata Laraba ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji biyar, katafila ta shigo makarantarmu. Muna tsakiyar darasin lissafi muka ji ƙasa tana rawa, allo yana kaɗawa a jikin bango, kafin malami ya ce uffan mun dire ta taga kamar awaki. Ga ta nan rawaya, tana huci, ta baro aikin hanyar Kasuwar Daji ta zo ta tsaya a bakin filin makaranta. A gabanta kuwa Baba Nomau mai gadi ne tsaye da fartanya a kafaɗa, bayansa ga geronsa kore shar, ya ɗara shi tsawo, iska tana kwantar da shi tana tayarwa.

Wannan fili sunansa kawai filin wasa. Tun kafin a haife mu aka bar wa Baba Nomau shi ya riƙa nomawa da damina, don albashin gadi ba ya kai shi ko'ina, ga jikoki marayu a gabansa. Abin da ya samu a nan shi ne tuwonsu na shekara. Mu kuma mun saba. Da safe, bayan mun ɗebo ruwa mun zuba wa tumaki ciyawa, sai mu biyo ta gefen geron mu shiga aji da raɓa a ƙafa. Idan ya fara ido, mu ne masu korar tsuntsaye da gwangwani lokacin tara, ladanmu kuwa tumu, wato zangarniyar da Baba Nomau yake gasa mana mu murje a tafin hannu mu hure mu watsa baki. Sai an yi girbi fili yake dawowa hannunmu, mu buga ƙwallon tsumma da langa a tsakanin kututturan kara, kowa da tabonsa a ɗan yatsa, kowa da ƙayar tsidau a diddige.

A shekarar ne aka turo wa makarantu tallafi don gyara harkar wasanni, namu ya faɗo hannun kwamitin iyaye da malamai. Wayyo daɗi! Malam Lawali, malaminmu na motsa jiki, ya hau babur ya tafi Kaura Namoda ya dawo da buhu cike da ƙwallayen fata, da igiyoyin tsalle, da riguna masu lamba a baya, da usur da ya rataya a wuya bai ƙara cirewa ba ko a masallaci. An ba maƙeri aikin turakun gola na ƙarfe, aka sa tela ya ɗinka wa 'yan mata dogayen wanduna don su ma su yi gudu iyayensu ba su ce komai ba. Na tuna yadda na riƙa shinshina sabuwar ƙwallo, har yau ban san da me zan kwatanta ƙamshin ba. Ragowar kuɗin kuma na share fili ne, don makarantun da ke kewaye za su zo gasar gudu a wurinmu kafin hutu, kuma masu duba aiki za su zo su ga abin da aka yi da tallafin. Direban katafila ya ce yini ɗaya kawai yake da shi, gobe za su wuce gaba.

To, ga shi ruwa ya sauka da wuri a shekarar, gero ya yi kyau har ya fara fitar da kai, amma da sauransa kafin ya nuna. Hedimasta ya yi ta lallashin Baba Nomau, ya ce za a ba shi wani abu ya rage asara. Baba Nomau bai ɗaga murya ba. Abin da ya faɗa har yau yana kunnena: "Malam, ni ban hana ku aikinku ba. Amma hatsin ga da ranshi, ku bari in kau da ido tukun." Ya juya ya fuskanci bangon aji. Wallahi sai na ji ƙwallon ma ta fita raina, na tsani katafilar da na diro ta taga don in gani.

Sai Malam Lawali ya matso bakin filin. Ya naɗe ƙafar wando ya kama tafiya a gefen geron, ya ɓace mana ta gabas, can sai ga shi ya ɓullo ta yamma, wandonsa duk ƙarangiya. Ya ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, masu gudu ai kewaye suke yi, ba tsakiya suke bi ba. A share mana gefe, ƙwallo ta jira kaka." Aka yi ta ja-in-ja a kan abin da masu duba aiki za su ce, daga ƙarshe hedimasta ya ɗaga wa direba hannu. Katafila ta zagaye gonar ta fitar da hanya mai faɗi, jar ƙasa sumul, kunya kaɗan ta ci daga bakin geron. Baba Nomau bai juyo ba sai da ƙarar ta mutu.

Ban taɓa ganin gasa irin ta wannan shekara ba. Ana busa usur sai masu gudu su sha kwana gero ya haɗiye su, jama'a su yi tsit, ba wanda ya san na gaba sai sun ɓullo ta ɗaya gefen, sannan ihu ya tashi. Masu duba aiki da suka zo da fuska a murtuke har da su a ɗaga wuya. Ni ma an sa ni, ba don sauri ba, don rigar ta yi mini daidai. A gidanmu ma idan aka aike ni sai an bi bayana da wani. Da muka shiga bayan geron sauran suka bar ni, na samu kaina ni kaɗai. Hayaniyar mutane ta koma can nesa kamar ta wani gari. Ganye yana shafar kafaɗata, ƙasa mai sanyi a tafin ƙafa ba ƙaya ko ɗaya, tsuntsaye suna tashi a gabana, sama ta yi shuɗi ba iyaka. Na ji kamar in yi ta gudu haka har in tsufa. Da na fito na ƙarshe ana ta yi mini dariya, Baba Nomau kaɗai ya tafa mini, ya ce, "Sannu ɗana, ka duba mini hatsi da kyau ko?" Bayan hutu ya yi girbi, aka kafa turakun gola, kuma ya gasa mana tumu har sai da muƙamuƙinmu ya gaji.

Bara na koma ƙauyen da damina, a bayan babur, muna tafe muna waige. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, Malam Lawali ya kwashe iyalinsa ya koma Kaura. Gonakin daji yanzu ba mai zuwa saboda 'yan bindiga, don haka gari ya raba filin makaranta kunya-kunya, kowa ya shuka abin da zai kai bakinsa. An nome har hanyar gudun. Turakun gola suna nan tsaye a cikin gero, wake ya naɗe su har sama. Na ga yara a bakin aji suna buga ƙwallon tsumma a ɗan abin da ya rage, iyayensu mata na leƙowa ta katanga kada su yi nisa. Na tsaya na daɗe ina kallon geron, ina jiran wani yaro ya ɓullo ta yamma da lamba a bayansa. A zamaninmu gero da gudu sun samu wuri tare; yanzu geron kaɗai ya rage.