Takun da ban yi ba a fadamar Gulma

"Tsaya nan inda kake, Umaru. Kak ka ƙara taku."

Muryar Kawu ce, ƙasa-ƙasa. Lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato, na baro Birnin Kebbi da kyamarar bidiyo ta kafaɗa don in ɗauki yankan shinkafarsa a Gulma. Abin zuƙo hoto ya lalace, shi ya sa nake ja da baya a hankali don masu yankan su shiga duka. Ido ɗaya na cikin kyamara, ɗayan na runtse.

Na ce, "Kawu, hoton bai cika ba, saura kaɗan."

"Bari shi zan ba cikakke ba. Waiga sannu, awa yadda kaka juya abin naka."

Na juya da kyamarar a kafaɗata. Gamsheƙa ce kan kunyar gona, ta fasa kai, daidai inda diddigena zai sauka. Na tsaya cak, kyamarar na ci gaba da ɗauka. Ta daɗe tana kallona kafin ta sulale cikin ruwa.

Jiya na mayar da kaset ɗin wannan ranar cikin kwamfuta. Duk shekarun da na yi ina ɗauka da tace bidiyo, ban taɓa juya kyamara sumul kamar wannan ba.

Tun ranar ta Gulma ba na runtse ido ɗaya a bakin aiki. Ku masu ɗauka, wa ke duba muku baya?